Hanyar da Na Share wa Muryar Balkisa a Alƙahira

Tun da na dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A ofis, a gidan suna, har a wajen gaisuwar rasuwa sai da wata ta matso kusa da kunnena ta ce, "Sa'adatu, yaya Alƙahira? Kin hau dalar Fir'auna?" Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi gaba ɗaya, kowa ya ɗebi rabonsa. Dala dai daga nesa na hango ta, ta tagar mota. Abin da na gani da kyau wani abu ne daban.

Ga wanda bai san ni ba, ni ma'aikaciyar sadarwar kwamfuta ce a wani asibiti mai zaman kansa a Zariya. Aikina kebul ne da suwic, wato akwatin nan mai ƙofofi a jere da ake cusa wa kebul, shi kuma ya raba wa kowace kwamfuta saƙonta. Asibitinmu ya sayo sababbi masu wayo, waɗanda ake iya ba su umarni, sai masu sayarwar suka ce a turo mutum ɗaya kwas na 'yan makonni a Alƙahira. Ni kaɗai ce mace a sashenmu, kuma ni aka zaɓa. Ba zan ɓoye muku ba, ranar na taka ƙasa da ƙarfi.

Tafiyar ta fara da fashewar taya a Kwanar Ɗangora. Muna tsaye a bakin titi direba yana ta rantsuwa cewa tayar sabuwa ce, ni kuwa ina kallon agogo ina tuna jirgi. Mun dai isa Kano a kan lokaci. Akwatina ya yi nauyi, don Inna ta cusa kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa, duk na Ummi, 'yar ƙanwarta da ke karatun shari'a a can, wadda a wurinta zan sauka.

A filin jirgin Alƙahira aka ce in buɗe akwatin. Jami'in ya zaro filayar da nake matse kan kebul da ita, ya zaro 'yar na'urar gwajin kebul mai fitilu, ya jujjuya su yana kallona sama da ƙasa.

"Na waye waɗannan?"

"Nawa ne," na ce da Larabcin Islamiyya da na taho da shi. Na miƙa masa takardar gayyatar kwas.

Ya karanta, ya ɗaga gira. "Muhandisa?" Wato injiniya. Na ce eh. Bai gamsu ba, ya ci gaba da tono har hannunsa ya kai ga wata leda da Inna ta ƙulle da kyau. Ina ce masa kada ya kwance, ya riga ya kwance. Warin daddawa ya buge shi, ya ja da baya, abokin aikinsa ya toshe hanci yana dariya. Nan bincike ya ƙare. "Khalas, khalas, ya muhandisa, tafi abinki."

Ummi na jirana a waje. Ta rungume ni tana cewa, "Yaya Sa'a, wallahi tun daga nan nake jin ƙanshin gida." A tasi na so in nuna ni ma na iya, na yi wa direba bayanin inda za mu da Larabcin littafi, da wasali a ƙarshen kowace kalma. Ya saurara har na gama, ya dafa ƙirji ya ce, "Amin, ya Shaikha." Ummi ta yi dariya har da hawaye, sannan ta faɗa masa da kalmomi uku, ya ja mota.

Gidansu yana Hayyus Sabi', bene ne na ɗalibai mata zalla, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da wasu 'yan Indonesiya. Mai gidan, Hajja Ummu Karim, bazawara ce mai jiki da murya, tana zaune a hawa na farko inda ba mai shiga ko fita ba ta gani ba. Ranar farko ta kira ni ta ba ni shayi mai sukari kamar zuma, ta tambaye ni ko ina da miji, da na ce eh ta tambaye ni yadda aka yi ya bar ni na taho.

Abinci kuwa, mutanen nan da wake suke karya kumallo. Ful suke ce masa, dafaffe lugub da mai da lemon tsami, a ɗebo da gurasarsu. In ka gaji da shi sai a ba ka ƙosansu, ta'amiya, shi ma waken ne, sai dai kore ne a ciki. Da Ummi ta kawo mini koshari na ga shinkafa da taliya da makaroni da soyayyiyar albasa duk a kwano ɗaya, na ce ko faɗa aka yi a kicin tukwane suka haɗe? Na ci ina mita, kashegari ni na ce a ƙaro. Abin da ya fi burge ni shi ne kwandon da mata ke sakowa da igiya daga saman bene, mai shago ya zuba kaya su janye. Na ce da matan unguwarmu sun ga wannan, da yara sun huta da aike.

Tsallaka titi ne ya kusa gagarata. Mota ba ta tsayawa, mutum ne ke shiga ya ratsa. Safiyar farko na daɗe a tsaye a bakin hanya har wata tsohuwa mai ɗauke da ledar gurasa ta kama hannuna ba ko sallama, ta ja ni cikin motoci tana ɗaga musu tafi, ta ajiye ni a ɗaya gefen ta wuce abinta. A jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma akwai taragon mata kaɗai, inda ake sayar da komai daga allura zuwa safa.

Wurin kwas ɗin yana Wustul Balad, a wani tsohon gini mai lif irin na keji da ke nishi kafin ya tashi. Malaminmu Muhandis Sharif, siririn dattijo ne mai shan shayi ba ƙaƙƙautawa. Abu biyu ya zo koya mana, ba da fifiko da sa ido. Bari in fassara muku yadda na fahimta. Duk abin da ke bi ta kebul, murya ne ko hoto ko takarda, yanyanka shi ake yi ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana ce masa fakiti. In hanya ta cushe, fakitoci sai su yi layi a cikin suwic. Suwic ɗin da ba a koya wa komai ba, wanda ya riga zuwa shi yake sallama, in layi ya cika ya zubar da sauran. To takarda in ta makara kaɗan ba wanda zai sani. Murya kuwa in ta makara ta lalace. Aikinmu shi ne mu koya wa suwic ya gane wane fakiti ne ba ya jure jira, ya buɗe masa layinsa na daban. Sa ido kuma shi ne duba abin da ke wucewa ta kowace ƙofa, nawa ne, ina ya nufa. Kullum Muhandis Sharif yana cewa, "Kada ku taɓa komai sai kun auna. Mai gyara da zato ɓarna yake ƙarawa."

A gidan Hajja na san Balkisa. 'Yar Damagaram ce, doguwa, marar yawan magana, ɗakinta na kallon na Ummi. Kullum da asuba muryarta ke tashina, tana karatun Alƙur'ani a hankali, irin karatun da ke sa ka fasa komawa barci. Wata ranar na dawo daga kwas na tarar da ita zaune a matakala, ido ya kumbura. Na zauna kusa da ita.

"Lafiya, Balkisa?"

"Lahiya lau, Yaya," ta ce, sai kuma hawaye. "Rezo ne. Rezon gidan ga zai kashe ni."

Ummi ce ta warware mini, ashe rezo intanet ke nan a bakin 'yan Nijar. Shekaru Balkisa ta yi tana karanta wa wata tsohuwar malama Alƙur'ani daga farko, don ta samu ijaza, wato shaidar cewa malamar ta saurari karatunta baki da baki ta yarda da shi. Saura kaɗan ta sauke, sai jikin malamar ya yi rauni, 'ya'yanta suka mayar da ita ƙauyensu can kudancin Masar, suka hana baƙi. Ta yarda a ƙarasa ta kiran bidiyo. Amma duk lokacin da aka zauna, muryar Balkisa sai ta riƙa yankewa, harafi ya ɓace, jan wasali ya gutsure. Sun gwada layin waya, a cikin gidan ba ya kamawa sosai, a saman rufi kuma hon ɗin motoci ba ya bari. Ga shi izinin zaman Balkisa ya kusa ƙarewa, ga malamar kullum jiki na ƙara ja baya.

Na tambayi inda intanet ɗin gidan yake shigowa. Suka nuna mini wani ƙaramin kabad a ƙarƙashin matakala, a kulle. Makulli yana wurin Hajja.

Ranar Juma'a da ba kwas muka hau wurinta. Ta ce masu gyara sun sha zuwa, kowa ya ce a ƙara ƙarfin layi, an ƙara, ba abin da ya sauya. Ummi ta ce, "Hajja, wannan fa asibiti guda take riƙe da shi a ƙasarmu." Hajja ta dube ni, ta ciro makulli daga ƙirjinta, ta biyo mu da kujerarta da tiren shayi.

Da na buɗe kabad ɗin na share ƙura, sai da na yi murmushi. Suwic ne mai wayo, ɗan'uwan waɗanda muke koyo a kansu, amma wanda ya ɗaura shi ya bar shi yadda ya fito daga kwali, ba a taɓa ba shi umarni ko ɗaya ba. Na haɗa kwamfutata, na fara da awo. Na duba ƙididdigar kowace ƙofa. Saukowar kaya daga waje ba laifi. Fita ce matsalar, hanyar fitar gidan siririya ce, kuma a cike take maƙil dare da rana. Ƙofa ɗaya ce ke cinye mafi yawanta. Na mayar da wata ƙofa madubi, wato ta kwafo mini abin da ke bi ta waccan in ga irinsa, sai na ga bidiyo ne ke kwarara waje ba tsayawa. Na bi kebul ɗin da hannu. Ya kai ni ga akwatin kyamarorin tsaro na gidan.

"Karim ne ya sa su," in ji Hajja da alfahari. Ɗanta ne da ke aiki a wata ƙasar Larabawa ta Gulf. "Daga can yake kallon ƙofar gida a wayarsa, don ya san ina lafiya." Sai ta matso da kujera tana leƙen fuskar kwamfutata. "Tsaya, ya binti. Wato da wannan kina ganin abin da kowa ke yi?"

"Ina ganin yawansa da irinsa, Hajja."

"To duba mini yarinyar nan ta hawa na uku. Kullum tana waya tana dariya. Da wa take magana?"

Na rufe kwamfutar rabi. Na ce, "Hajja, ki yi haƙuri. Awon ruwan bututu na zo yi, ban zo leƙa banɗakin kowa ba. Yawancin saƙonnin a kulle suke, kuma ko a buɗe suke ba zan duba ba. Amana ce."

Fuskarta ta sauya. "A gidana?"

"A gidanki, Hajja. Amma sirrinsu ne."

Ta miƙe ta ce in cire kayana. Ta kulle kabad, ta mayar da makulli inda ta ciro shi, ta haye sama ko tiren ba ta ɗauka ba. Ummi ta riƙe kai. "Yaya Sa'a, da kin ce mata kawai na'urar ba ta iyawa." Balkisa ta juya ta haye ɗakinta, wannan kuwa ya fi maganar Ummi yi mini ciwo. Na yini ina tambayar kaina ko taurin kaina ya jawo wa baiwar Allah asarar shekarunta.

Bayan kwana biyu aka sake zama da malamar, a ɗakin karatu na ƙasa. Na zauna a gefe ina ji. Balkisa ta fara, ba ta yi nisa ba muryar tsohuwar ta fito daga kwamfuta, siririya amma a tsaye. "Ya isa, 'yata. Na san kin iya. Amma ba zan shaida abin da kunnena bai ji ba. Za a tambaye ni." Aka kashe kiran. Da na waiwaya sai ga Hajja a bakin ƙofa, ashe ta sauko karɓar saƙo ta tsaya tana saurare. Ta zo ta ajiye makullin a cinyata, ta kira ni babbar injiniya da Larabcinsu, ta ce, "Yalla, ya bashmuhandisa. Ki bar yarinyar hawa na uku da Allah."

Ranar ban je ko cin abinci ba. Na ja kebul daga kabad zuwa ɗakin karatu, na matse kansa da filayata, don kwamfutar Balkisa ta daina dogara da intanet na iska ta samu ƙofarta ita kaɗai. Na umarci suwic ya ɗauki duk abin da ya shigo ta ƙofar nan ya sa shi a layin gaba. Sai na tuna gargaɗin Muhandis Sharif, cewa fifiko ba ya aiki sai a inda layin yake taruwa. In cunkoson yana can cikin na'urar kamfanin intanet, umarnina ba zai kai can ba. Don haka na rage gudun ƙofar fita kaɗan ƙasa da abin da layin ke iya ɗauka, yadda jiran zai dawo cikin suwic ɗin da ke jin maganata. Daga ƙarshe na yanka wa kyamarori iyakar abin da za su ci.

Ba a jima ba wayar Hajja ta yi ƙara. Karim ne, muryarsa har matakala. Hoton ƙofar gida yana tsattsayawa, waye ya taɓa masa kaya? Hajja ta miƙo mini wayar tana cewa, "Ga ta nan, ku ƙarata." Na gaishe shi, na bar shi ya gama faɗa, sannan na karanta masa abin da na auna, ƙofa bayan ƙofa. Na ce akwatin kyamarorin zai ci gaba da adana hoto mai kyau a nan gida, abin da ake tura masa kai tsaye ne kawai za mu rage wa nauyi, kuma zai ga mahaifiyarsa sarai. Ya ce in gwada. Na shiga akwatin da lambar sirrin da ya ba ni na sauya. Can sai na ji ya yi dariya. "Ina ganin Mama tana ɗaga mini hannu. Tamam, ya bashmuhandisa."

Da aka sa ranar zama na gaba, Ummi ta ce za ta bi ɗaki-ɗaki ta roƙi kowa ya kashe wayarsa. Na hana ta. Na riga na gwada da yamma lokacin da gidan ya fi cika, na ga abin da na gani. Na ce gyaran da sai an roƙi mutane su daina numfashi ai ba gyara ba ne.

Da hantsi muka taru. Balkisa ta zauna gaban kwamfuta cikin farin hijabi. Ni ina bakin kabad da tawa kwamfutar a cinya, ƙofar ɗakin a buɗe, ido ɗaya a kanta ɗaya a kan ƙididdiga. Ta yi bisimilla ta fara. A sama wata na kallon wa'azi, wata na tura hotuna gida, layin baya ya cika yana zubar da abin da ya zubar. Layin gaba kuwa, wurin da ke nuna fakitin da aka yar, sifili ne, kuma ya zauna a sifili.

Ta yi nisa sosai, sai muka ji, "Tsaya."

Na duba allo, ban ga komai ba.

"Kin gajarta jan nan," in ji malamar. "Ba ki cika shi ba. Maimaita."

Balkisa ta ɗago ta dube ni ta ƙofa, fuskarta ta washe. Kuskuren nata ne, ba na waya ba, kuma tsohuwar ta ji shi daga can ƙauyensu. Ban taɓa ganin wanda aka yi wa gyara ya yi farin ciki haka ba. Ta maimaita, ta wuce. Da ta kai gajerun surorin ƙarshe sai ga 'yan matan da suka cika matakala suna share hawaye. Ta kai aya ta ƙarshe ta yi shiru. Malamar ta ce ta ji, ta yarda, ta ba ta izini ta karanta ta kuma karantar, kamar yadda nata malaman suka ba ta. Kafin a shafa addu'a Hajja ta saki guɗa da ta cika benen nan. Ashe Larabawa ma sun iya guɗa, har sun so su fi mu.

Da na ba Muhandis Sharif labari, sai ya ce in zo gaban aji in zana abin da na yi. Na tsaya gaban maza 'yan ƙasashe daban-daban na yi bayani tun daga awo har zuwa rage gudun ƙofar fita. Da na gama ya ajiye kofin shayinsa ya tafa, sauran suka bi.

An yi walima a gidan. Ummi ta je Ard al-Liwa ta samo garin masara a shagon wani Bahaushen Sudan, muka tuƙa tuwo da miyar kuka. Hajja ta ci loma biyu, ta sha ruwa kofi biyu saboda yaji, ta ce a zuba mata na gobe.

Ranar da zan taho, muna tsaye a ƙofar gida da akwati ana jiran tasi, Balkisa ta fito da gudu da waya a hannu. "Yaya, ga Innata, daga Damagaram. Ta ce sai ta yi magana da ke."

Na karɓa na yi sallama. Layin ƙauye ne, yana zuwa yana ɗaukewa, kuma wannan ba ni da makullin kabad ɗinsa. Na toshe ɗaya kunnen, na juya wa titi baya. Abin da ya iso gare ni guntu-guntu ne. "Ɗiyata... Allah shi... albarka... uwayenki..." Sai shiru, sai kuma muryar tsohuwar ta dawo tana ci gaba da addu'arta, ba ta ma san ta yanke ba.

Direba yana ta hon, Ummi tana cewa yalla za mu makara. Na ɗaga musu hannu su dakata. Na tsaya a nan ina cewa amin, amin, har a wuraren da ban ji ba.